Yadda za ka gane yaren masu rediyon sha'awa

Samarin Nima da Mamobi sun yi ta tambayata ma'anar abin da suke ji a rediyon sha'awa, wato wanda mutane ke hira da juna ta cikinsa. Ga matakan.

1. Kai rediyonka tsakanin 144 da 146 MHz.
2. Saurara kawai. Hattara: kada ka danna maɓallin magana sai ka samu lasisin NCA, hukumar sadarwa ta Gana.
3. Rubuta lambar kiran duk mai magana. Ta Gana da 9G take farawa, ta Najeriya da 5N.
4. Haddace sunayen haruffa: Alfa, Bravo, Charlie, har Zulu. Mutumin Accra "Nine Golf" zai ce, wato 9G.
5. Kwafe waɗannan a bangon littafinka, su ne suka fi yawo:
CQ: ina kiran kowa.
QRZ: wa ke kirana?
QTH: inda nake.
QSL: na ji, na karɓa.
QSY: mu sauya mita.
6. In ka ji an ce 59, bayanin yadda ake jin mai magana ne: ɗauki 5 daban, 9 daban. Nan sababbi ke tuntuɓe, su ɗauka hamsin da tara ne. Biyar na nufin magana ta fita tangaram, tara kuma ƙarfin sigina ya kai maƙura.
7. Yi sallama da 73, wato fatan alheri. Kada ka ce wa dattijo 88, gaisuwar soyayya ce.