Ku gwada maƙurar bindiga kafin fita farauta

'Yan'uwa mafarautan Daura, maƙurar da ake ɗaurawa a bakin bindigar farauta ita ke tsara yadda ƙwayoyin dalma za su bazu. Matsattsiya sosai kan zuba kusan kashi 70 cikin 100 a da'ira mai faɗin inci 30 daga yadi 40, buɗaɗɗiya kuwa kusan 40. Zabon daji mai tashi daga nesa, sa matsattsiya. Fakara a kusa, buɗaɗɗiya, in ba haka ba nama ya dagargaje.

Ni kwali nake kafawa a fili inda ba kowa, in harba, in ƙirga hudojin.

Hudojin da ake yi wa ita bindigar kusa da bakinta kuwa suna rage ɗagawarta kaɗan in an harba, amma ƙara kam, sai ka toshe kunne.