Yadda Ake Tantance Tsohon Agogon Aljihu na Zinariya Mai Zanen Tudu

Wanda masu tara tsofaffin agoguna suka fi bi a wannan fanni shi ne agogon Landan na ƙarni na 18 mai kwanso biyu. Kwanson ciki ke riƙe da inji. Na waje kuwa maƙeri ne ya yi ta bubbugo shi daga ciki da 'yar guduma har siffofin mutane, dawaki da furanni suka taso. George Michael Moser, ɗan Siwizalan da ya rasu a Landan a 1783, yana cikin gwanayen aikin. Sai kuma agogunan Janeba na farkon ƙarni na 19, masu siffar 'ya'yan itace ko kayan kiɗa.

Fara da hatimi, wato alamar tantance zinariya da ake bugawa a jikin kwanso, da madubin ƙara girma mai ninki 10 a hannunka. Kan damisa alamar Landan ce, anka (ƙugiyar jirgin ruwa) ta Birmingham. Kafin 1798 karat 22 kaɗai Ingila ta yarda da shi, don haka in an ce maka agogon 1750 ne alhali ga kambi da lamba 18 a jikinsa, kwanson ba na lokacin ba ne. Faransa na buga kan gaggafa tun 1838. Na Siwizalan daga shekarun 1880 zuwa 1995 kan mace ne a karat 18, kurege a karat 14. In ka ga rubutun garantin shekara 20 ko 25 a kwanson Amurka, tagulla ce aka lulluɓe da zinariya. Duba murfin ciki shi ma, don sau da yawa ba zinariya ba ne.

Zanen shi ne darajar agogon, nan za ka daɗe. Juya kwanson waje ka dubi cikinsa: aikin hannu yana barin rami daidai bayan kowane tudu. Wanda aka narka aka zuba a mazubi layukansa dusu-dusu suke, da 'yan ƙurarraji. Sai ka ɗaga shi saitin fitila. Hanci, gwiwa da kafaɗa su ke fara cinyewa saboda gogar aljihu, har su huje. Haske zai nuna maka hudar, bambancin launi kuma ya tona inda aka toshe da dalma. Fuskar da ta shafe ba ta dawowa, saboda haka kada ka goge shi da man goge ƙarfe ko sau ɗaya. Kada ka yarda a karce shi a dutse a ɗiga masa asid da sunan gwaji, kuma maganaɗisu kada ya kusanci injin.

Injin irin waɗannan da makulli ake wana shi, kuma a ciki akwai siririyar sarƙa mai jawo ƙarfin sifirin. In agogon ya yi shekaru a ajiye mansa ya daskare, wana shi da ƙarfi zai tsinka sarƙar. Kai shi wurin mai gyaran da ya san tsofaffin injuna tukuna. Ramin makulli ya zo daidai kan sandar da ake wana injin da ita, kwanson ciki kuma ya zauna cikin na waje ba girgiɗi. In ba haka ba, haɗe-haɗe aka yi, kuma farashinsa ya faɗi ƙasa sosai.

A gwanjo nemi hoton hatimi, na inji da na cikin kwanso kafin ka taya. Ajiye kowane agogo shi kaɗai cikin ƙyalle mai laushi, nesa da laima da ƙura.