Yadda Ake Gina Rayuwa Mai Gamsarwa Ta Hanyar Gyaran Zuciya

A 'yan shekarun nan wata koyarwa ta bazu a kafafen sada zumunta, wadda take cewa duk abin da mutum ya ƙwallafa rai a kansa, ya riƙa hango shi kamar ya riga ya samu, to abin zai zo ya same shi, kamar yadda maganaɗisu yake janyo ƙarfe. Tushenta yana cikin wata mazhabar tunani da ta taso a Amurka a ƙarni na 19, wadda ake danganta farkonta da Phineas Quimby, wani mai gyaran agogo da ya rasu a 1866, wanda ya ɗauka cewa cututtuka daga gurɓataccen tunani suke fitowa. A cikin maganar akwai gaskiya kuma akwai ruɗi. Gaskiyar ita ce halin da zuciya take ciki shi yake nuna abin da mutum zai lura da shi, da abin da zai yi ƙarfin halin nema, da tsawon lokacin da zai jure kafin ya karaya. Ruɗin shi ne zaton cewa tunani shi kaɗai yana motsa duniya. Alƙur'ani, a Suratur Ra'ad aya ta 11, ya bayyana cewa Allah ba Ya canza halin da mutane suke ciki har sai sun canza abin da yake cikin rayukansu. Canjin farko nauyin mutum ne, bayarwa kuwa ta Allah ce, kuma a kan wannan fahimta aka gina abin da zai biyo baya.

Ka fara da tantance abin da kake so a haƙiƙa, domin da yawa daga cikin burukan da muke ɗauke da su na aro ne, mun kwaso su ne daga kallon rayuwar wasu. Ka samu takarda ka rubuta buri guda ɗaya tak, a cikin jimla ɗaya, sannan ka tambayi kanka dalilin da ya sa kake son sa. Idan amsa ta zo, ka sake tambayar dalilin wannan amsar, har sau uku. Wanda ya rubuta cewa yana son dukiya mai yawa zai iya tarar da cewa abin da yake nema shi ne ya kwanta barci ba tare da fargabar bashi ba, ko kuma ya daina jin ƙasƙanci a gaban tsaransa. Waɗannan buƙatu biyu ne mabambanta, kuma ta biyun babu adadin kuɗin da zai biya ta. Wannan bincike shi ne gyaran niyya, kuma ba banza ba Imam Bukhari ya buɗe littafinsa da hadisin da yake cewa ayyuka suna tare da niyyoyinsu.

Bayan haka sai batun hange, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskure. Ana koya musu su rufe ido su ga kansu a cikin nasara, su ji daɗinta, su tsaya a nan. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor sun gwada wannan a kan ɗaliban jami'a masu shirin jarrabawa. Wasu an ce su riƙa hango kansu sun samu maki mai kyau, wasu kuma su riƙa hango kansu zaune suna karatu, da lokacin da za su yi shi da wurin da za su yi shi. Rukuni na biyu ne suka fi samun sakamako mai kyau. Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York ta shafe shekaru tana nazarin wannan al'amari, kuma abin da ta gano shi ne mafarkin nasara yana sanyaya jiki, domin zuciya takan ɗanɗani daɗin isowa alhali ƙafa ba ta taka ko'ina ba. Hanyar da ta ba da shawara a bi tana da sauƙi. Ka ambaci burinka, ka hango mafi alherin abin da zai haifar, sannan nan take ka juya ka kalli abin da yake cikin halinka wanda zai hana ka kaiwa gare shi. Sharaɗin shi ne cikas ɗin ya zama naka ne, kamar kasala, ko tsoron a ce ka gaza, ko saurin fushi, ko jinkirta aiki zuwa gobe, domin laifin da ka ɗora wa wasu ba ka da ikon gyara shi.

Da zarar ka gane cikas ɗin, sai ka ɗaure shi da shiri mai siffar "idan kaza ya faru, to zan yi kaza", dabarar da masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi fice da ita. Mai son koyon wata sana'a ko wani harshe, wanda ya san waya ce take cinye masa lokaci, zai iya cewa: idan na dawo daga aiki na zauna, to zan yi karatu na minti 20 kafin in taɓa waya. Amfanin wannan shi ne an yanke shawara tun kafin gajiya ta zo.

Ka zaɓi aiki ƙarami wanda za ka iya yi ko a ranar da ba ka jin daɗi. An ruwaito daga Nana A'isha cewa mafi soyuwar ayyuka a wurin Allah shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan a kan mutum 96 ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, kodayake lissafin ya kama daga kwana 18 har zuwa 254 gwargwadon mutum da nau'in aikin, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa ginin ba. Ina ganin wannan batu na ƙarshe ya fi komai muhimmanci, saboda mutane da yawa ba faɗuwar ce take kayar da su ba, kunyar faɗuwar ce take hana su komawa washegari.

Kowane dare ka ware minti biyar ko goma domin yi wa kai hisabi. Ka duba abin da ka yi yau wanda ya kusantar da kai ga burinka, da inda halinka ya rinjaye ka, da abin da aka yi maka na ni'ima wanda ba ka gode ba. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun sa wasu mutane suna rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu sau ɗaya a mako har mako 10, kuma waɗannan sun fi waɗanda suka riƙa rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai jin gamsuwa da rayuwarsu. Godiya ba ta hana nema, illa dai tana cire ɗacin da yake sa mutum ya nemi abu da hassada. Amma ka yi hattara da maimaita kalaman yabon kai waɗanda zuciyarka ba ta yarda da su ba. Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta nuna a 2009 cewa masu ƙarancin yarda da kai sun ƙara jin ƙunci bayan sun maimaita irin waɗannan kalamai. Gara ka faɗa wa kanka gaskiyar da za ka iya tsayawa a kanta, kamar ka ce jiya na yi minti 20, yau ma zan yi.

Addu'a tana tafiya tare da duk wannan, ba a madadinsa ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Wannan ma shi ne yake kare mutum daga mafi munin abin da koyarwar janyo abu da tunani take haifarwa, wato zargin mara lafiya ko matalauci da cewa shi ya jawo wa kansa da mugun tunani. Wannan zalunci ne, kuma bai kamata ka yi wa kanka shi ba balle wani. Idan baƙin ciki ya yi maka nauyi har ya hana ka barci ko aiki na makonni, to ganin likita yana cikin ɗaure raƙumar.

Bayan wata uku ka ɗauko takardar nan ta farko ka sake karantawa. Idan ka matsa gaba, ka ƙara wa aikin nauyi kaɗan. Idan ba ka matsa ba, ka duba ko cikas ɗin da ka rubuta shi ne na gaskiya, domin sau da yawa wanda ya rubuta kasala yakan gano cewa tsoro ne. Idan kuwa ka tarar burin ya daina motsa maka rai, ka soke shi ba tare da jin ka gaza ba, ka rubuta wanda ya maye gurbinsa, ka sake yi masa tambayoyin nan uku.