Yadda Ake Ziyartar Gaɓar Teku Marar Hayaniya a Kudancin Tsibirin Kirit

Kirit shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar Girka, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 260 daga gabas zuwa yamma, kuma galibin manyan otal-otal da cunkoson baƙi a arewacinsa suke, wajen biranen Irakliyon da Retimno da Haniya. Mai neman bakin teku da babu gine-gine, babu kiɗa, sai ya tsallaka duwatsu ya gangara kudu, ɓangaren da ke fuskantar Tekun Libiya. Wahalar isa ce ta kare waɗannan wurare daga masu gini, saboda haka mai hankali yakan fara shirya yadda zai dawo tun kafin ya shirya yadda zai je.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watannin Mayu da Yuni, ko Satumba zuwa farkon Oktoba. A Yuli da Agusta zafi yakan tsananta, sannan iskar arewa da ake kira meltemi takan taso da ƙarfi. A gaɓar kudu wannan iska daga tudu take saukowa ta nufi teku, sai ruwan bakin gaɓa ya kwanta lumui kamar babu haɗari, alhali tana iya tura mai ninƙaya ko yaron da ke kan katifar roba zuwa tsakiyar ruwa cikin ɗan lokaci. Babu jami'an ceto a irin waɗannan wurare, don haka ranar da iska ta tashi, kada a yi nisa da gaɓa.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ina ganin ya fi kyau ya sauka a garin Hora Sifakiyon. Daga nan jiragen ruwa suna zuwa Lutro, ƙauyen da mota ba ta shiga, da Agiya Rumeli, inda kwazazzabon Samariya ya ƙare. Tsakanin Hora Sifakiyon da Lutro akwai gaɓar Gilika Nera, wadda ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin tsakuwarta. Ana isa can da ƙaramin jirgi, ko da ƙafa ta siririyar hanyar da ke bin gefen dutse, tafiyar kimanin sa'a guda. Kada a zauna dab da gindin dutsen, domin duwatsu sukan gangaro, musamman idan awaki suna yawo a sama. Da isarka, ka tambayi matuƙi ƙarfe nawa jirgin ƙarshe zai tashi, ka kuma sani cewa iska tana iya sa a soke shi, ka koma da ƙafa.

Gaɓar Agiyofarago, a kudancin lardin Irakliyon, ta fi wannan kaɗaici. Ana bin hanya marar kwalta daga gidan ibadar Odigitiriya, a ajiye mota, a taka kimanin rabin sa'a cikin kwazazzabo kafin teku ya bayyana. Kafin a hau irin wannan hanya da motar haya, a karanta yarjejeniyar da kyau, domin inshorar kamfanoni da yawa ba ta ɗaukar ɓarnar da ta faru a hanyar da ba kwalta.

Maganar guzuri ita ce ba a wasa da ita. A ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zaton buƙata, da abinci, da hula, da takalmi mai riƙe ƙafa, da wani na shiga ruwa saboda ƙayar bushiyar teku da ke maƙale a jikin duwatsu. A fita da sassafe, a guji tafiyar ƙafa da tsakar rana. A watan Yunin 2024 baƙi da dama sun rasu a tsibiran Girka bayan sun fita tattaki cikin matsanancin zafi, wasunsu su kaɗai. Sabis na waya yakan ɗauke a cikin kwazazzabai, don haka a gaya wa mai masauki inda za a je da lokacin dawowa. Lambar gaggawa ita ce 112, ta masu tsaron gaɓar teku kuma 108. A riƙe tsabar Yuro saboda kuɗin jirgi.

Masu tafiya da iyali su san cewa a wasu keɓaɓɓun gaɓoɓi, har da Gilika Nera, akan tarar da masu wanka tsirara, musamman a can ƙarshen rairayi. Tambayar mai masauki tun da wuri tana hana jin kunya.

Doka ma tana da nata. An hana kafa tanti a kwana a wajen sansanonin da aka ba lasisi, kunna wuta a fili kuma laifi ne a lokacin gobarar daji, daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Girka ta ware gaɓoɓi 198 a yankunan da ake karewa, ta hana jera kujeru da laimomin haya da shigar motoci da kiɗan lasifika a cikinsu. A rairayin Komos, kusa da garin Matala, kunkurun teku yakan binne ƙwai daga wajen watan Yuni, saboda haka kada a taɓa gurbin da aka killace, kada kuma a haska fitila a wurin da dare. Galibin waɗannan wurare ba su da kwandon shara, duk abin da mutum ya shigo da shi sai ya fita da shi a jakarsa.