Yadda ake neman aikin tausa a Zariya, da abin da ake dubawa ranar intabiyu

Ba a cika manna takardar neman mai tausa a bango ba a garin nan. Baki ne ke kai labari: wata Hajiya ta ji daɗin hannun yarinya ta faɗa wa aminiyarta, ko mai gidan motsa jiki ya tambayi abokinsa ko ya san wani yaro mai natsuwa. Saboda haka neman wannan aiki neman yarda ne, kuma duk matakan da ke ƙasa a kan yardar suka tsaya.

Mataki na farko, ka san iyakarka. Mai tausa ba likitan gashin ƙashi ba ne. Wancan karatun digiri ne a jami'a, kuma hukumar MRTB da aka kafa a 1988 ita ke yi musu rajista. Ba mai ɗori ba ne kuma. Kada ka ari sunan da ba naka ba a takarda ko a baki, domin a garin da ke da asibitin koyarwa na Shika, ba za a daɗe ba a gano ka.

Na biyu, haɗa takardunka. Shafi ɗaya ya isa: inda ka koya, a hannun wa, tsawon lokacin da ka yi, da irin tausar da ka iya, ko ta hutun jiki ce, ko ta 'yan wasa, ko ta masu jego. Haɗa da shaidar koyo in kana da ita, da katin ɗan ƙasa, da lambar mutum biyu da za su tsaya maka. Wanda ya taɓa jin hannunka ya fi ɗan'uwanka amfani a nan. In kana da hali, yi kwas ɗin taimakon gaggawa na Red Cross.

Na uku, taka da ƙafarka. Zagaya otel-otel da wuraren motsa jiki na Sabon Gari, GRA da Samaru, da ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni, da cibiyoyin da ake yin ƙaho. Ke kuwa 'yar'uwa, ƙofarki ta fi faɗi: gidajen gyaran jiki masu dilka da halawa da gyaran amare suna buƙatar mai hannu, ga kuma masu jego a cikin gidaje. Jama'armu sun fi son mace ta taɓa mace, namiji ya taɓa namiji, to ki faɗi haka tun farko a matsayin ƙa'idarki, zai ƙara miki daraja ne. In Zariya ta ƙi, Kaduna da Kano ba su da nisa.

Na huɗu shi ne ranar intabiyun kanta, kuma nan ne ake faɗuwa. Tambayoyin baki kaɗan ne. Yawanci za a ce ka gwada a jikin mai wurin ko wani ma'aikaci. Je da farce a yanke, ba zobe ba agogo, tufafi masu tsabta, turare kaɗan. Tafi da tawul da manka, ko na zaitun ko na kwakwa ko man kaɗanya. In lokacin hunturu ne, kowa ya san sanyin Zariya: man kaɗanya daskarewa yake, sai ka narkar da shi a tafin hannu ka ɗumama hannun kafin ya sauka a bayan mutum.

Wanke hannu a gabansu. Sannan, kafin ka taɓa kowa, yi tambaya: "Ranka ya daɗe, akwai inda ke ciwo? Akwai hawan jini ko ciwon suga? An taɓa yin tiyata? Ana shan wani magani?" A ganina wannan minti ɗayan ya fi duk abin da zai biyo baya nauyi, domin shi ke raba wanda ya koyi sana'a da wanda ya iya matsa jiki kawai. Rufe duk inda ba ka aiki a kai. Fara da shafa mai sauƙi, a hannu da ƙafa kana turawa zuwa wajen zuciya, ka ƙara ƙarfi a hankali kana tambaya ko ya yi yawa. Kada ka danna ƙashin baya kansa, naman da ke gefensa ake bi. Rage surutu, kuma in an ce minti 20, ka tsaya a 20.

Za a iya tambayarka wa za ka ƙi yi wa tausa. Amsa ba tare da kame-kame ba: mai zazzaɓi, mai buɗaɗɗen rauni ko ƙurajen da ke yaɗuwa, mai sabuwar karaya, da wanda sha-raɓarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, domin yana iya zama gudan jini ne a jijiya, kuma murza shi na iya tura shi huhu. Mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, da mai suga da ƙafarsa ba ta ji sosai, sai da izinin likita. Mai wurin da ya san abin da yake yi zai fi amincewa da wanda ya iya cewa "wannan na asibiti ne".

Na biyar, kuɗi. Kunya ba ta da wuri a nan. Albashi ne ko kaso a kan kowane mutum? Wa ke sayen mai da wankin tawul? Mutum nawa a yini, tunda babban yatsa da wuyan hannu suna gajiya? In aikin gida ne, wa ke biyan kuɗin Keke? A rubuta, kowa ya sa hannu.

Akwai tayin da ba a karɓa. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom kafin a gan ka, ko ya kira intabiyu a ɗakin otel da dare, ko ya fi damuwa da hotonki fiye da takardunki, a rabu da shi. Haka dillalin da ya yi alkawarin aiki a ƙasar waje ya ce zai riƙe fasfo. Irin wannan, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ake kai wa rahoto. In za ki gidan da ba ki sani ba, ki tafi da rakiya, ki bar adireshin da lambar wayar a hannun wani na gida.