Yadda ake rainon Tylecodon, fulawar da ke da halin gawo

Duk wanda ya san gawo ya gama fahimtar rabin wannan shukar, don gawo sai damina ta sauka kowa na kore shi kuma ya kakkaɓe ganyensa, to ita ma Tylecodon haka take, sai sanyi ya shigo take farkawa. Asalinta yammacin Afirka ta Kudu da Namibiya ne, irin su Namaqualand da Richtersveld, inda ruwansu ke sauka lokacin sanyi, bazara kuma ƙasa ta bushe ƙayau. Da can cikin dangin Cotyledon ake lissafa ta, sai a 1978 wani masanin tsirrai Toelken ya ware ta, sunan ma haruffan Cotyledon ɗin kawai ya jujjuya. ’Yar gajera ce mai kaurin jiki kamar kuka ta ƙi girma, ƙananan irin su reticulatus da buchholzianus tukunya ɗaya ta ishe su shekara da shekaru.

Ƙasa tukuna. Kar ka ɗebo ta lambu wallahi ruɓewa za ta yi, ka haɗa yashi mai tsakuwa da burji da ɗan dakakken gawayi, ƙasar shuka kaɗan kawai, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Tukunyar ƙasa mai huji a gindi ta fi ta roba nesa ba kusa ba, don tana shan iska tana bushewa da wuri.

Ban ruwa shi ne inda mutane ke kashe ta. In ka ga ƙananan ganye sun fara leƙowa a kan rassa, a wajenmu wajen Oktoba ko Nuwamba kenan in ta saba da wurin, sai ka ba ta ruwa sosai har ya fito ta ƙasa, sannan ka ƙyale ta sai ƙasar ta bushe har ciki, ka tura yatsa ko tsinke ka gani, kar ka bi lissafin kwana. Rana ta safe take so, ta tsakar rana a ɗan kare ta.

Da zafi ya kama wajen Maris ganyen zai yi rawaya ya zube, ta koma kamar busasshen itace, a nan ne mai gida zai ce ai ƙishi ne ya dinga ɗura mata ruwa, to barci take yi ba mutuwa ba, lokacin ma take fitar da fure. Ka janye hannu. Damina kuwa ita ce babbar matsalarmu, ruwan Agusta kwana uku ya isa ya gama da ita, don haka a kai ta baranda ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa amma feshi bai isa.

In kana son ƙari ka yanki reshe farkon hunturu, ka ajiye a inuwa sati ɗaya ko biyu bakin ya bushe, ka soka a yashi, kuma sai da haƙuri don saiwa ba ta sauri. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga in sun maƙale, sifirit a auduga ka goge su.

Abu ɗaya da ba wasa, guba ce da ita. A Afirka ta Kudu awaki da tumaki na cin ta su kamu da ciwon da suke kira krimpsiekte, har mutuwa suna yi, don haka gidan da ke da akuya ko yara masu kai komai baki a ɗora tukunyar can sama, kai ma ka wanke hannu in ka gama yanka.