Yadda Ake Haɗa Farantin Peltier Ya Sanyaya Ruwa

TEC1-12706 ɗan farantin Peltier ne, milimita 40 kowane gefe. Ba shi wutar batir mai volt 12, sai ya riƙa kwashe zafi daga fuska ɗaya yana turawa ɗayar. Bafaranshe Peltier ne ya gano haka a 1834.

Ni fuska mai zafin na fi kula da ita. Kafin ka kunna, shafa mata man ɗaukar zafi kaɗan, ka ɗaura mata alminiyam mai haƙora da fanka, in ba haka ba nan da nan farantin ya ƙone. Yana jan amfiya 4 zuwa 5, ƙaramar caja ba za ta ɗauka ba.

Sa fuska mai sanyin ta kalli cikin akwatin da za ka ajiye kwalaben ruwa, ka lulluɓe akwatin da soso mai kauri. Zai sanyaya 'yan kwalabe, amma bai kai firji ba.